Daga Dinarin Kaisar Zuwa Zinariyar Hausa

Duk wanda ya tsaya wurin 'yan canji a Illela, kan iyakarmu da Birnin Ƙonni, ya ga yadda ɗan canji yake duba hoto da rubutun da ke jikin naira ko sefa kafin ya karɓa. Haka masu tara tsabar kuɗin Rum suke yi: su duba hoto, su karanta rubutu, su auna nauyi. Mu ma da muke koyar da Littafi Mai Tsarki muna bukatar wannan ido.

A zamanin Yesu, babban kuɗin Rum na zinariya shi ne awuriyus, mai nauyin kusan giram 8. Guda ɗaya daidai yake da dinari 25. Shi kuwa dinari na azurfa ne, kuma shi ne ladan ma'aikaci na yini guda a Matiyu 20. Ke nan awuriyus ɗaya kusan guminsa na wata ne.

Bayan shekaru kusan 300, Sarki Kustantin ya buga sabon kuɗin zinariya, solidus, mai giram 4.5. Shi Larabawa suka gāda suna kira dinar, har Halifa Abdulmalik ya buga nasa wajen shekara ta 697, babu hoton kowa. Da fatake da malamai kalmar ta ƙetaro Sahara, ta zama zinariya a bakin Bahaushe.

A nan ne mai wa'azi yakan yi tuntuɓe. Kunnenmu yana jin dinari sai ya tuna da zinariya, mu ɗauka kuɗin attajirai aka nuna wa Yesu a Matiyu 22. Ba haka ba ne. Kuɗin haraji ne da talaka yake biya da guminsa. Idan na Tibariyas ne, wanda ya yi mulki daga shekara ta 14 zuwa 37, rubutunsa yana kiransa ɗan Augustas, wanda Romawa suka mayar allah. Shi ya sa tambayar ta zama tarko, amsar kuma ta raba abin da ke na Kaisar da sujadar da ke ta Allah kaɗai.

Saboda haka, 'yan'uwa, kafin mu hau bagade mu auna kalma yadda ɗan canjin Illela yake auna kuɗi. Jama'armu suna biyan haraji, kuma amsa suke jira daga gare mu.