Gari a Matsayin Zauren Nuni: Tarihin Bukukuwan Fasaha da Rabon Ƙasar Zamfara



Abin da nake so mu duba a yau shi ne tarihin irin bikin nan da ake mayar da gari sukutum ya zama wurin nunin fasaha, watau zane da sassaƙa da ginin tukwane da saƙa da ɗaukar hoto. Tambayar da za ta yi mana jagora ita ce: a cikin bukukuwan da aka yi a ƙasarmu, wa aka nuna, wa kuma aka bari a baya?

Asalin Al'adar

Birnin Fenis na Italiya ne ya fara irin wannan biki a shekarar 1895, ana yin sa bayan kowace shekara biyu. A Afirka kuwa, Shugaba Senghor na Senegal ya tara masu fasaha baƙar fata na duniya a Dakar cikin 1966. Nijeriya ce ta karɓi zagaye na biyu, wanda aka sani da FESTAC, daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977, inda ƙasashe fiye da 50 suka hallara a Ikko. Tambarin bikin shi ne fuskar hauren giwa ta Sarauniya Idia ta Binin, wadda sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Da aka nemi aronta daga gidan tarihi na Landan, sai aka hana, dole aka sassaƙa wata a madadinta.

Rabon Arewa

To, mene ne rabon Arewa a wannan gagarumin biki? Hawan daba aka ba ta, aka yi shi a Kaduna. Sarakuna suka fito da dawaki da lifidi da kakaki da algaita, baƙi suka yi mamaki. Babu mai musun kyan abin. Amma ya kamata mu lura cewa wannan tsari ba sabo ba ne. Haka aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956. Bikin kamun kifi na Argungu ma ya samo asali ne daga tarbar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934. Watau dai bukukuwanmu manya duk na tarbar baƙo ne, kuma abin da ake nuna masa shi ne gadon kakanni. Mai fasahar da ke raye, wanda ke zana abin da idonsa ya gani jiya, ba a tanadar masa rumfa ba.

Ba kuwa don babu shi ba ne. Tun ƙarni na 19 Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya gina masallacin Juma'a na Zariya da bakan gizo irin wanda magabatansa ba su yi ba. A zamaninsa shi ɗan zamani ne. A garin Abuja na da, wanda yanzu ake kira Suleja, Ladi Kwali ta shiga makarantar tukwane ta Michael Cardew a 1954, ta haɗa zanen Gwari da sabuwar hanyar gashi, har aka nuna aikinta a Landan. Hotonta ne a bayan takardar naira 20. A Zariya kuma, cikin 1958, wasu ɗaliban zane, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce ba za su kwaikwayi Turai ido rufe ba, sai sun gauraya dabarunta da na gida. A ƙasar Hausa aka haifi wannan tunani, amma a Ibadan da Ikko da Nsukka ya yi 'ya'ya. Mu muka yi shuka, wasu suka yi girbi.

Darasin Dakar

Senegal ba ta bar abin ya tsaya a 1966 ba. Daga 1992 ta mayar da bikin Dakar na nunin zane da sassaƙa, daga 1996 kuma ta keɓe shi ga masu fasahar Afirka. Abin lura a nan shi ne, ban da nunin da hukuma ke shiryawa, akwai ɗaruruwan ƙanana da jama'a ke buɗewa da kansu a gidaje da makarantu da shaguna. Ƙarfin bikin daga waɗannan yake, ba daga ginin gwamnati ba.

Talata Mafara da Bakura da Maradun

Wani zai ce ina ruwan Zamfara da wannan, alhali ba mu da gidan nuni? Amsa ita ce, wannan yanki ya daɗe da sanin fasahar da ke magana da zamaninta, sai dai da baki ya yi ta. Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura wanda sunansa ya tafi da na Maradun, ya yi waƙar noma da ta sarauta da ta siyasar zamaninsa har rasuwarsa a 1991. Sa'idu Faru ya yi wa Muhammadu Macciɗo waƙa tun yana Sarkin Kudu a Talata Mafara. Ba su jira an gina musu zaure ba. Ƙofar fada da dandali suka isar musu.

Bugu da ƙari, yankin yana da labarin da ya cancanci a zana. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978. Ruwa ya cinye ƙauyuka da fadamun ƙasar Maradun, dubban mutane suka tashi. Da manoma suka tare hanyoyi suna neman diyya, 'yan sanda suka buɗe musu wuta a watan Afrilu 1980, rayuka da yawa suka salwanta. Waɗanda suka ga abin da idonsu tsufa yana cim musu. In babu hoto, babu zane, babu wurin da yaro zai tsaya ya tambayi kakansa, to labarin zai bi su kushewa.

Kammalawa

Saboda haka shawarata ga ma'aikatan al'adu ita ce, kada a jira kuɗin gini. Akwai kasuwar Talata wadda garin ya ci sunanta, akwai zauruka, akwai harabar Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau. A gayyaci marina da masaƙa da dukawa da masu zanen jikin mota da matasa masu ɗaukar hoto da waya, a ce kowa ya kawo sabon aiki, a rubuta sunansa a jikinsa. Ku kuma ɗalibai, ku fara tattara tsofaffin hotuna da bayanan dattawa tun yanzu, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Hawan daba ya nuna wa baƙo ko mu su wane ne jiya. Saura bikin da zai nuna mana kanmu a yau.