Desibel

desibel (suna, namiji, alamarsa dB). Ma'aunin ƙarfin sauti, kashi ɗaya cikin goma na bel, wanda aka raɗa wa sunan Alexander Graham Bell. Lissafinsa: L = 10 log(I/I₀), inda L yake adadin desibel, I ƙarfin sautin da ake aunawa, I₀ kuma = 10⁻¹² W/m², wato mafi ƙanƙantar sautin da kunnen mutum ke ji. A nan ɗalibai ke tuntuɓe, domin desibel ba ya taruwa kamar tiyar gero. In injin niƙa ɗaya a kasuwar Tanut yana ba da 90 dB, aka tayar da na biyu irinsa, 93 za a samu, ba 180 ba. Sai injuna 10 ne za su kai 100. Wuni kullum cikin ƙarar da ta haura 85 dB yana cin kunne, shi ya sa tsohon mai niƙa sai ka ɗaga murya yake ji. Misali: "Malam, jiniyar tirelar Agadas desibel nawa ce?"