Bayanin Zaman Kaka da Jika a Gidan Annabci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya fitar da zuriya daga zuriya, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya kai mai karatu, ko kana tsangaya da allonka ko kana rumfa da ma'auninka, ka sani abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata magana ce da na ji daga bakin wani dattijon attajiri. Yana faɗi cikin alfahari cewa babu jikansa ko ɗaya da ya taɓa taka buzunsa, wai domin wasa da yara zubar da girma ne. Na yi shiru a lokacin saboda furfurarsa ta riga tawa, amma maganar ta tsaya mini a maƙogwaro. Don haka na ce bari in tattara abin da ma'abuta sira da hadisi suka ruwaito a wannan babi, ka auna da kanka.

Mu fara da Makka. An haifi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, a Shekarar Giwa, wajen 570 ta Miladiyya, mahaifinsa ya riga ya rasu. Yana ɗan shekara 6 mahaifiyarsa Amina ta rasu a Abwa'u, kan hanyar komowa daga Yasriba, Ummu Aimana ta kawo shi Makka, ya koma hannun kakansa Abdulmuɗɗalibi. Wannan tsoho ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ne shugaban Banu Hashim, shi ya tone rijiyar Zamzam bayan ta daɗe a binne, kuma shayar da alhazai a hannunsa take. Ibnu Hisham, wanda ya rasu a shekara ta 218 bayan Hijira, ya kawo a cikin Sirarsa cewa ana yi wa tsohon shimfiɗa a inuwar Ka'aba, 'ya'yansa su zauna kewaye da ita, babu mai hawa saboda ganin girmansa. Sai yaron nan maraya ya zo ya haye abinsa. Baffanninsa su kama shi za su janye, tsohon ya hana su, ya ce su bar masa ɗansa domin lalle yana da wani sha'ani babba, sa'an nan ya zaunar da shi a gefensa yana shafa bayansa, yana murna da duk abin da ya ga yana yi. To, ga shimfiɗar da ta fi buzun attajirinmu daraja, ga kuma wanda ya hau ta. Wannan zama shekara 2 kawai ya yi, tsohon ya cika yaron yana ɗan shekara 8.

Sa'an nan zamani ya juya, jikan ya zama kaka. Zainab ta haifi Umama 'yar Abul Asi, Faɗima ta haifi Alhasan a shekara ta 3 bayan Hijira, wato 625, da Alhusaini a shekara ta 4. A nan ne ruwayoyi suka yawaita, har mai tsintar su ya rasa wacce zai bari.

Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa, Buhari da Muslim su ma sun kawo, daga Abu Ƙatada, cewa Annabi ya yi salla yana ɗauke da Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya sake ɗaukarta. Ɗalibi zai tambaya, yaya wannan da hukuncin yawan aiki a cikin salla? An ruwaito daga malaman mazhabarmu masu cewa nafila ce, da masu cewa lalura ce ta rashin mai riƙe yarinyar. Imamun Nawawi bai yarda da waɗannan tawilai ba, domin a ruwayar Muslim an ce yana limanci ga mutane ne. Ba wurin warware wannan saɓani ba ne nan. Abin da nake so ka duba shi ne yarinya ce mace, a cikin al'ummar da bizne 'ya'ya mata da rai bai daɗe da gushewa daga wasu ƙabilunta ba, ga ta bisa kafaɗar mafificin halitta a gaban sahu. Kuma sa'ad da kyautar kayan ado ta zo daga Najjashi sarkin Habasha, da zoben zinariya a ciki, Umama ya kira ya ba ta, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito daga Nana A'isha.

Mazan kuwa wasansu ya fi ƙiriniya. Nasa'i ya ruwaito daga Shaddadu cewa wata rana Annabi ya tsawaita sujada ƙwarai yana limanci, har Shaddadu ya ɗaga kai ya duba, sai ya ga ɗaya daga cikin jikokin nan biyu zaune bisa bayansa. Da aka sallame mutane suka ce sun zaci wani abu ya faru ko wahayi ne ya sauka. Ya gaya musu babu ko ɗaya, ɗansa ne ya mai da shi abin hawa, shi kuwa bai so ya gaggauta masa ba sai ya gama biyan bukatarsa. Wata rana kuma yana huɗuba sai ga su sun shigo da jajayen riguna, suna tafe suna tuntuɓe, ya yanke magana ya sauko daga mumbari ya ɗauko su. Usama ɗan Zaidu ya ba da labarin yadda yakan ɗora shi bisa cinya ɗaya, Alhasan bisa ɗayar, ya haɗa su ya rungume yana yi musu addu'ar rahama.

Kai ɗan kasuwa, ga naka rabo. Buhari ya sanya wani hadisi a Littafin Ciniki, cikin babin kasuwanni. Abu Huraira ya ce sun fita da rana tare da Annabi har kasuwar Banu Ƙainuƙa'a, daga nan ya zarce farfajiyar ɗakin Faɗima ya zauna yana kiran ƙaramin yaron da sunan wasa. Uwar ta ɗan tsare shi, ko tana yi masa wanka ko tana sa masa abin wuya, sai ga shi ya fito a guje, suka rungumi juna, ya sumbace shi. Daga kasuwa zuwa ƙofar jika, ba a tsaya ko'ina ba. Irin attajirinmu ma ya wanzu a wancan zamani: Aƙra'u ɗan Habis, babba a cikin Banu Tamim, ya ga ana sumbatar Alhasan, ya ce shi 'ya'yansa 10 bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Amsar da ya samu ta rataya samun rahama ga yin rahama, kuma kowane ɗalibi ya san ta.

Kada ka zaci wasan ya tafi a banza. An tambayi Alhasan bayan ya girma me ya riƙe daga kakansa, ya ambaci ranar da ya ɗauki ƙwayar dabino daga dabinon sadaka ya jefa a baki, kakan ya sa hannu ya fitar da ita, ya sanar da shi cewa gidansu ba sa cin sadaka. Kuma addu'ar ƙunutin wutiri da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, daga bakin Alhasan ta fito, kakansa ne ya koya masa, alhali bai kai shekara 8 ba sa'ad da Annabi ya yi wafati a shekara ta 11, wato 632. Da yaron yana gudun kakansa, a ina zai zauna ya hardace ta? Haka kuma a gefensa yake bisa mumbari ranar da aka yi bushara cewa Allah zai sulhunta manyan ƙungiyoyi biyu na Musulmi ta hannunsa, abin da ya tabbata a shekara ta 41, wato 661, da ya sauka wa Mu'awiya daga halifanci.

Kaka mace ma shari'a ba ta manta da ita ba. A cikin Muwaɗɗa an kawo cewa Umar ɗan Haɗɗabi ya rabu da wata matarsa Ba'ansariya da ta haifa masa Asim. Ya zo Ƙuba ya iske yaron yana wasa a farfajiyar masallaci, ya ɗauke shi ya ɗora bisa dabbarsa. Kakar yaron ta cim masa ta yi jayayya da shi har gaban Halifa Abubakar, Halifa ya ce a bar mata shi, Umar kuwa, duk da zafinsa, bai mayar da magana ba. Wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin zai tuna cewa a babin reno, in uwa ta rasu ko ta yi wani aure, kaka ce ke biye da ita, sa'an nan 'yar'uwar uwa.

Mu nan ƙasar Hausa mun gaji wani abu mai kama da wannan ta hanyar al'ada. Iyaye suna kunyar ɗan fari, ba su kama sunansa, sai Allah Ya sa sakewar yaro ta koma wajen kakanni: tsohuwa ta kira jikanta maigida, ta kira jikanyarta kishiya, tsoho ya ce da jikanyarsa amarya, a yi ta ba'a ba mai fushi. Ɗakin kaka ake kai yaro yaye, a can yake jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi bayan isha'i, a can yake koyon kacici-kacici da sunayen kakannin kakanninsa. Ni kaina ban koyi ƙidaya a allo ba, a wajen ɓarar gyaɗa na koye ta, kakata tana ƙirga mini tana satar ɗaya don ta ga ko zan gane, Allah Ya jiƙanta. Yanzu kuwa ina ganin tsoho a zaure da jikansa, kowa ya sunkuya bisa wayarsa. Kai almajiri da ka baro gida, in ka je ganin gida kada ka tsaya ga gaisuwar durƙuso kawai, ka zauna ka tambaye su labarin garinku tun suna da rai. Kai mai fatauci, tsarabar jika ba ta cika mizani sai ka zauna an buɗe ta a gabanka.

Saura ruwaya ɗaya, daga Uƙbatu ɗan Haris, a cikin Buhari. Abubakar ya sallaci la'asar ya fito yana tafiya, Ali yana tare da shi, kuma a wata ruwaya an ce 'yan kwanaki ne bayan wafatin Annabi. Sai ya hangi Alhasan yana wasa cikin yara. Halifan Musulmi, mai shekara fiye da 60, ya sunkuya ya ɗauke shi ya ɗora bisa kafaɗa, yana yi masa kirari cewa da Annabi yake kama, bai yi kama da Ali ba. Ali yana gefe yana dariya.

Tamat.