Tsakanin Ƙauye da Birni: Labarin Ƙaurar Jama'a a Ƙasar Maraɗi

A lokacin biki irin wannan mun saba lissafta tashoshin Mishan, da shekarun da aka buɗe su, da bayin Allah waɗanda suka yi aiki a cikinsu. Wannan kuwa daidai ne. Amma akwai wani labari wanda ya kamata mu ajiye kusa da wancan, watau labarin abubuwan da suka riƙa tā da mutanen ƙasar nan daga wani wuri suna zaunar da su a wani. Yaƙi ya yi haka, haraji ya yi, gujiya ta yi, yunwa kuma ta yi. Duk inda jama'a suka nufa, can Ekklisiya ta bi su. In mun gane wannan, za mu gane abin da ya sa majami'un birni suka cika, waɗansu na ƙauye kuwa suka rage sai tsofaffi da mata da yara.

Zamanin ganuwa

Maraɗi kanta garin 'yan ƙaura ce. Sa'ad da masu jihadi suka ci Birnin Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka fita da jama'arsu suka yi arewa. Bayan sun sha yawo, Ɗan Kasawa ya zauna a bakin Gulbin Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuma, waɗanda aka ci birninsu Alkalawa a 1808, suka zo suka kafa Tsibiri kusa da nan bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Sun iske Anna, masu ƙasa na asali, suna noma da farauta.

A zamanin nan mutum ba ya yin nisa da ganuwa, gama ana yaƙi, ana kuma kamun bayi. Jama'a suka matsu cikin kwarin gulbi, inda akwai ruwa da kurmi na ɓuya. Jigawa mai faɗi ta arewa kuwa tana nan kwance, daji ne na makiyaya da mahalba.

Zuwan Nasara da iyaka

Da Ingilishi da Faransawa suka raba ƙasa bisa ga shirin da suka yi a 1904 da 1906, sai iyaka ta ratsa tsakanin Maraɗi da Katsina. Wa yana ƙasar Faransi, ƙane yana ƙasar Ingilishi. Yaƙi ya ƙare, saboda haka magidanta suka fara fita daga kwari, suna sare daji, suna gina rijiya, suna sa wa sabon gari sunan wanda ya fara zama. Yawancin garuruwan da mu ke kira Gidan Wane ko Garin Wane a kan jigawa, asalinsu ke nan.

Amma mulkin ya zo da nasa nauyi. Aka ɗora lanho, watau haraji, a kan kowane kai, aka ce kuma da kuɗin Faransa za a biya, ba da wuri ba. Aka riƙa ɗiban mutane aikin tilas na hanya da na bariki, ana ɗaukar samari soja. Wanda abin ya fi ƙarfinsa sai ya kwashe iyalinsa da dare ya ƙetare iyaka. Waɗansu kuwa suka riƙa tafiya cin rani Kano da Jos, su nemo kuɗin lanho su komo da faɗuwar ruwa. Ba a hana aikin tilas ba sai a watan Afril na 1946.

A cikin wannan zamani ne Bishara ta shigo ta hannun Mishan ta SIM. Daga ƙasar Ingilishi masu aikin suka hau, suka zauna Damagaram a 1924, sa'an nan Tsibiri a 1927. Hukumar Faransa ba ta sake jiki da su ba, domin Turanci su ke ji, dokarta kuma ta ce da Faransanci za a koyar a lakwal. Amma akwai abin da iyaka ba ta tsare ba, shi ne harshe. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Hanyar da ɗan cin rani ya bi ya tafi kudu, ita ce littattafai da masu bishara suka biyo suka zo arewa.

Zamanin gujiya

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Tun daga nan gujiya, wadda mutanen Kano ke ce wa gyaɗa, ta zama kuɗi. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna a Maraɗi, suna ba 'yan ƙasa jari su shiga kasuwannin ƙauye su sayo musu. Da kaka sai ka ga raƙuma da jakuna, daga baya kuma manyan motoci, suna ta jigilar buhuna. Manomi ya sami abin biyan lanho, ya sayi tufafi da fitila da keke. Ya ƙara sare daji domin ya ƙara shuka.

Wannan ya sāke zaman gida. A da maigida da ƙannensa da 'ya'yansa suna noman gandu ɗaya, rumbu ɗaya. Da saurayi ya ga gujiyar gamanarsa tana ba shi kuɗi a hannu, sai ya fara neman ware tukunyarsa. Kaɗan-kaɗan manyan gandaye suka rarrabu.

A damanar 1945 gulbi ya kawo ruwa mai yawa, ya ci tsohon garin Maraɗi. Hukuma ta tā da garin daga kwari ta hau da shi tudu, ta yanka tituna miƙaƙƙu da filaye masu kusurwa huɗu. Manyan gidaje na dā, inda zuriya guda ke zaune wuri ɗaya, ba su koma yadda su ke ba. Sabon garin ya zama na kasuwa da baƙi.

Hukuma ta sa hannu kuma a kan hanyar da gujiya za ta bi. Tun daga 1953 Faransawa suka shirya a riƙa kai wani kashi da mota har Paraku a ƙasar Dahome, daga can jirgi ya kai Kwatano, domin kada dukan amfanin ya bi ta Kano. Bayan samun mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, gwamnatin Diori Hamani ta kafa kamfanin SONARA a 1962, shi kaɗai ke fitar da gujiya waje. A shekarun nan fiye da rabin abin da Nijar ke samu daga sayar da kaya waje daga gujiya ya ke fitowa.

Aikin Bishara ma ya yaɗu a lokacin. Aka buɗe asibitin Galmi a 1950, aka yi wurin jinyar kutare a Danja, da makarantu, da gonar koyon noma ta Maza Tsaye. Wajen lokacin mulkin kai kuma masu bi na ƙasa suka tsai da Ekklisiyarsu. Sai mu lura da abu guda: yaron da ya iya karatu a makarantar Mishan, sau da yawa ba ya komawa gona. Ya zama malami, ko ma'aikacin likita, ko akawu, a Maraɗi ko Yamai. Ƙauye ya haifa ya goya, birni ya ci amfani.

Fari da rufe iyaka

Tun daga 1968 ruwa ya fara ƙaranci, har abin ya kai matuƙa a 1973 da 1974. Dabbobi suka mutu, Buzaye da Fulani da manoman arewa suka gangaro suka zauna a gefen Maraɗi suna jiran taimako. Ran 15 ga Afril 1974 soja suka karɓi mulki a ƙarƙashin Seyni Kunce. A 1975 kuma cutar kuturtar gujiya ta lalata gonaki. Manomi ya ga hatsi ya fi masa, ya bar gujiya. Gwamnati kuwa ta mai da idonta ga ƙarfen uraniyom na Arlit, wanda aka fara haƙa a 1971, samari da yawa suka bi aiki can arewa.

Duk da haka Maraɗi ba ta mutu ba. Attajiranta, waɗanda a ke kira Alhazai, suka juya ga cinikin iyaka: atamfa da taba da shinkafa su shiga Nijeriya, man fetur da taki da kayan masana'anta su fito. Watau arzikin gari ya rataya ga ƙofar da wani ke riƙe da mabuɗinta. A farkon 1983 Nijeriya ta kori baƙi marasa takarda. A watan Afril na 1984 ta rufe iyaka, ba ta buɗe ba sai 1986, a daidai lokacin da fari ya sāke komowa. Shi ya sa mutane suka sa wa yunwar nan suna El Buhari. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. A 2005 kuma aka ga wani abin tausayi: hatsi yana kasuwa, amma tsadarsa ta fi ƙarfin talaka, yara da yawa suka rame.

Kowace irin wannan shekara tana tura mutane birni. Ƙidayar 1977 ta sami mutum wajen 45,000 a Maraɗi, ta 1988 wajen 110,000, ta 2012 kuwa sun haura 260,000. A ƙauyukan kudu daji ya ƙare, gonar uba ana raba ta har ta zama 'yar ƙarama. Mai bukata ya jinginar ko ya sayar, mai kuɗin birni ya saya. Mata su ne suka fara rasa gamanarsu. Tun daga 2019 kuma dubban mutane daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka gudo ƙasar Maraɗi saboda 'yan bindiga, suka bi sawun da kakanninsu suka bi.

Itacen gona

Akwai labari guda na ƙarfafa zuciya, shi ma ya shafi doka. Dokar daji ta Faransawa ta 1935 ta sa itatuwa da yawa a hannun hukuma, har manomi yana jin tsoron tara in ya sare reshe a gonarsa. To, wa zai yi renon abin da ba nasa ba? Sai kowa ya riƙa share gona ƙaf, iska ta kwashe ƙasa. A 1983 wani ma'aikacin Mishan a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura kututturan da ke cikin gonaki suna da rai, in an zaɓi tofo mai ƙarfi aka sassabe sauran, sai ya zama itace. A yunwar 1984 aka haɗa wannan da rabon abinci. Da yunwa ta wuce waɗansu suka sare nasu, amma waɗanda suka bari suka ga amfani: itacen wuta, da harawa, da gonar da ta daina gudu. Da ma'aikatan daji suka sassauta, manomi ya tabbata itacen nasa ne, sai abin ya bazu daga maƙwabci zuwa maƙwabci. An ƙiyasta wajen eka miliyan 12 suka sāke samun gawo da kalgo da sabara a kudancin Nijar.

Abin da ya rage gare mu

Asalin bikin jubili yana cikin Littafin Firistoci, sura 25. Can Ubangiji ya umarci Isra'ila, a shekara ta hamsin kowace gonar da talauci ya sa aka sayar ta koma ga gidan masu ita. Mu ba mu da ikon kafa wa ƙasa doka, amma muna da iko a kan abin da mu ke yi wa juna.

Saboda haka muna roƙon masu bi na birni, in ɗan'uwa ya zo a shekarar yunwa da maganar sayar da gonarsa, a ba shi rance, ko a karɓi jingina da niyyar mayarwa. Muna roƙon dattawan ƙauye, in saurayi zai tafi cin rani, a ba shi takarda zuwa ga Ekklisiyar garin da ya nufa, kada ya ɓace a tasha. Majami'un da suka cika da 'ya'yan ƙauye kuma su tuna da mai bishara wanda ya koya musu karatu, wanda har yanzu da fartanyarsa ya ke ci, su ɗauki rabonsu na nauyinsa. A kuma karɓi baƙon da ya gudo, ko wane addini ya ke bi, gama kakanninmu ma baƙi ne sa'ad da suka iso bakin gulbin nan.

Ku yi addu'a domin masu mulkin ƙasashen nan biyu, domin damana mai albarka, da kuma 'yan'uwanmu da ke kan hanya. Ubangiji shi kiyaye fitarsu da komowarsu. Amin.