Dutsen Mars da aka tsinta a jahar Agadas

Kun dai tuna da dutsen nan da ya tada ƙura a 2025 ko? A watan Nuwamba 2023 aka tsince shi cikin sahara, a jahar Agadas, nauyinsa ya kusa kilo 25. Ran 16 ga watan Yuli 2025 kamfanin Sotheby's ya yi gwanjonsa a birnin New York a kan dala miliyan 5.3, wato kusan miliyar 3 na sefa. Gwamnati a Yamai ta buɗe bincike kan yadda ya fita ƙasar, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu.

To, wa ya ce daga Mars ya zo? Masana ne. Sukan yanki ɗan sirirai daga jikin dutsen, su goge shi har haske ya riƙa ratsa shi, su duba ma'adinansa da madubin ƙara girma, su auna sinadaran da ke ciki. Daga nan sai ƙungiyar masana duwatsun sama ta ba shi suna a rajistarta. Namu NWA 16788 aka sa masa, NWA ɗin na nufin arewa maso yammacin Afirka. Kun gani, ko sunan Nijar babu.

Ƙasar Hausa ta taɓa ganin irin wannan. A watan Oktoba 1962, wani dutse mai kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami, ƙasar Katsina. A 1995 masana suka gano iskar da ta maƙale cikin ƴan ƙwayoyin gilashi a jikinsa, kuma ta yi daidai da iskar Mars da kumbunan Viking na Amurka suka auna a 1976. Mu ma a Agusta 1991 wani ya faɗo a Tazerzait, jahar Tawa, kilo 110, amma shi ba na Mars ba ne.

Abin lura, mai tsintuwa ba ya iya bambance su da ido. Sai an auna ake sanin daraja, awon kuma a waje ake yin sa. Muddin jami'o'inmu na Yamai da Damagaram da Agadas ba su samu kayan wannan bincike ba, makiyayi zai ci gaba da sayarwa da araha, wasu su kwashe riba. Idan kun tsinci baƙin dutse mai nauyi, ku lura da wurin, ku sanar da hukuma kafin dillali ya iso.