Sawu, Iska da Ƙyastu: Yadda Aka Koyi Daji a Ƙasar Hausa

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, da maharbi ya buɗe. Kafin a zo kan Bagauda da jerin sarakuna, sai da marubucin ya tsaya a kan Dala da Barbushe, ya siffanta wani ƙato da ke kashe giwa da sanda, ya ɗora ta a ka ya kawo gida. Ko mai saurin yarda zai ɗan rage wa giwar nan nauyi. Sai dai labarin ya nuna yadda magabata suke kallon lamarin: wanda ya san daji shi ke fara zama a wuri, jama'a su biyo sawunsa. A Dutse ma labarin baka yana cewa wani maharbi mai suna Duna Magu ne ya gano wurin, kuma yawan gadar da ya tarar ne ya jawo sunan Gadawur. Garuruwan da ke da irin wannan labari ba su ƙirguwa.

Bahaushe ya raba neman naman daji gida biyu. Akwai farauta, ta gayya, wadda ake fita da rani bayan an kawar da amfanin gona: samari da karnuka, gora da barandami, makaɗin gangi a gaba, 'yan tauri suna kirari. Wannan rabinta neman nama ne, rabinta nuna jarunta, kuma sau da yawa zomo guda kan jawo faɗan da za a shekara ana zancensa. Irin mazan da Kassu Zurmi ya yi suna wajen yi wa waƙa ke nan. Sannan akwai harbi, sana'ar gado, wadda mutum ɗaya ko biyu ke shiga daji shiru, su kwana bakwai ko fiye babu wanda ya ji ɗuriyarsu. Mutanen Maraɗi da Gobir sukan ce mahalba. Shugabansu shi ne Sarkin Baka ko Sarkin Dawa, kiɗansu komo. A wurin waɗannan ne ake samun ainihin karatun daji.

Karatun kuwa ba da baka da kibiya yake farawa ba. Ɗan maharbi yakan daɗe yana ɗaukar gora da burgami a bayan ubansa kafin a bar shi ya ja tsirkiya. Abin da ake fara ɗora masa shi ne wuta. Kafin ashana ta cika kasuwa, kowane matafiyi yana da ƙyastu a jakarsa: ɗan guntun ƙarfe, ƙanƙarar dutse, da audugar rimi da za ta kama tartsatsi. Yaro zai yi ta ƙyastawa har yatsu su yi jini kafin hayaƙi ya tashi, kuma babu mai karɓar masa. Daga nan sai igiya. Ɓawon kuka da na kalgo da kabar goruba duk suna ba da igiya, amma kowanne da aikinsa, kuma wanda bai iya tufka da zarge ba, ba zai kafa tarkon da zai riƙe ko fakara ba.

Ruwa ya fi komai wuya. Ana nuna wa yaro yadda zai tona yashin busasshen rafi a inda ya yi kwana, ya jira ruwa ya tsatso. Ana nuna masa kogon kuka da ke riƙe ruwan damina, da inda kurciyoyi ke dosa da yamma, da hanyar da sawun dabbobi daban-daban ke haɗuwa su zama turba guda. Da dare kuma sama ce ke nuna hanya da lokaci: Kaza da 'Ya'yanta, Zara, da Gamzaki mai fitowa gab da asuba.

Sai an ƙoshi da waɗannan ake zuwa kan sawu. Gane cewa wannan kofaton gada ne, wancan na barewa, wancan kuma na gadu, ba shi ne gwanintar ba. Makiyayi ma ya san wannan. Gwanintar ita ce sanin yaushe dabbar ta wuce. Shin raɓa ta sauka a kan sawun, ko shi ya taka raɓar? Bakin sawun yana nan da kaifinsa, ko iska ta fara share shi? Kashin ya bushe, ko da ɗuminsa? Tururuwa ta ratsa ta ciki? Tsohon maharbi ba ya yawan bayani. Zai nuna da sanda, ya dubi yaron, ya yi gaba. Idan yaron ya ce, "Baba, ta jiya ce," alhali ta ɗazu ce, amsar da zai samu ita ce tafiyar rabin yini a banza. Haka nan iska: a ɗebi ƙura ko toka a saki, a ga inda ta nufa, domin dabba takan yafe wa ido abin da ba ta yafe wa hanci ba.

Dabarar da ta fi kowace ban sha'awa ita ce ta burtu. Burtu babban tsuntsu ne baƙi, mai dogon baki da tulluwa a ka, wanda ke yawo a ƙasa cikin ciyawa yana tsintar fara da ƙadangaru. Namun daji sun saba da shi, ba sa gudunsa. Maharban Hausa da na Nupe sai suka ari kamanninsa. A samu ƙoƙon kan tsuntsun da bakinsa, a haɗa da lanƙwasasshen icce a matsayin wuya, a rufe da fata, a ɗaura a goshi. Maharbi ya yafa baƙin zane, ya durƙusa cikin ciyawa, yana rarrafe yana sunkuyar da kai kamar mai kiwo, yana karkacewa hagu da dama, har ya iso inda kibiya za ta kai. Duk wanda ya taɓa rarrafe a kan ƙaya da karangiya na tsawon sa'a guda ya san ba ƙaramin horo ba ne, ga shi dole mutum ya zauna ya kalli burtu na gaske har ya haddace tafiyarsa. Irin waɗannan kawuna suna ajiye yau a gidajen tarihi na Turai. A bakin Hausawa kuma dabarar ta bar karin magana: wanda ya ɓad da kama don ya cim ma wani abu, sai a ce ya yi shigar burtu. Da yawa masu faɗin haka ba su taɓa ganin tsuntsun ba.

Dafi shi ne darasin ƙarshe, kuma ba kowane ɗa ake ba shi ba. Tushensa 'ya'yan kwankwani ne, a daka a dafa da wasu haɗe-haɗe irin su nonon tinya, kowane gida da nasa sirrin, a shafa a kan ƙarfen kibiya mai jikin kyauro. Zuciya yake kamawa, shi ya sa ko babbar dabba ba ta yin nisa. Idan ta faɗi, a yanke naman da ke kewaye da raunin a yar. J. M. Dalziel, likita ɗan Sikotilan da ya yi aiki a Arewa, ya sa kwankwani cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa wanda ya fito a 1916, a lokacin da likitocin Turai suka riga suka daɗe suna ba masu ciwon zuciya maganin da aka tace daga dangin wannan shuka.

Ba a raba duk wannan da asiri. Maharbi yana da baduhu da layar zana, yana da makarin dafi da na sarar maciji, kuma ya yarda akwai dabbobin da ba a harbinsu sai da shiri, irin su ɓauna da gwanki, don gudun abin da zai biyo baya. Malamai sun daɗe suna sukar wannan ɓangare. Amma wanda ya duba da kyau zai ga wasu hane-hanen suna aiki kamar dokar tsaro: sun hana ɗan koyo tunkarar dabbar da za ta iya kashe shi. A wajen Arna kuwa daji yana da ranar buɗewa. Bikin buɗin daji, wanda har yanzu ake yi a Massalata kusa da Birnin Ƙonni, shi ke ba da izinin shiga farautar shekara, kuma a nan ake duban yadda damina za ta kasance.

Ranar da wannan ilimi ya fi amfani ita ce ranar yunwa. A lokacin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, da wadda ta biyo farin shekarun 1970, mutane sun koma ga goruba, aduwa, kanya, magarya, muruci, tafasa da yaɗiya. A nan mata sun fi maharba sani. Su suka san cewa anza sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita, kuma rogon daji yana iya kashe wanda ya ci shi da gaggawa. A Nijar an sake ganin anza a tukwane a 2005.

Abin da ya rage wa makarantar daji ɗalibai shi ne ƙarewar dajin. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, noman gyada ya bunƙasa, gonaki suka yi ta cin jeji. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar kare namun daji a 1916, Jihar Arewa ta yi tata a 1963. An keɓe dajin W a Nijar a 1954, an keɓe Yankari a 1956 aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Maharbin da kakansa ya kafa gari sai ya wayi gari yana buƙatar lasisi, gandiroban daji yana binsa. Bindigar toka, wadda ake wa laƙabi da harba-ka-ruga, ta ture baka, namun kuma suka ƙara ƙaranci. Raƙuman dawa da a da suke yawo daga Senegal zuwa tafkin Chadi, a 1996 kusan 50 kacal suka rage, duk a yankin Kure na Nijar.

A daidai wannan zamani ne kuma koyon daji ya dawo ta ƙofar boko, sanye da gajeren wando. Baden-Powell, wanda ya koyi bin sawu a yaƙe-yaƙen Afirka, ya tara yara kimanin 20 a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, kuma zuwa 1915 ƙungiyar sikawut da ya kafa ta iso Nijeriya. Daga baya aka samu horon Man O' War a duwatsun Shere kusa da Jos. Ɗan makaranta ya koyi ƙulla igiya da hura wuta daga littafi, ya samu lamba a kafaɗa, wani lokaci a garin da makwabcinsa tsoho ya iya ninkin abin ba tare da kowa ya tambaye shi ba.

An tambayi irin waɗannan tsofaffi a 2014. Da Boko Haram ta kama Mubi a ƙarshen Oktoba na shekarar, maharba da 'yan banga suna cikin waɗanda suka taimaka wa soja aka ƙwato garin a watan Nuwamba. Sunan Aisha Bakari Gombi, wadda ta koyi harbi a gidansu tun tana yarinya, ya zagaya duniya saboda bin sawun mayaƙa da ta yi har cikin Sambisa. Soja yana da taswira da mota, amma sanin ko mutum nawa suka wuce ta wannan kwari, da ko suna ɗauke da kaya, sai wanda aka koya wa duban raɓa a kan sawu.

Dazuzzukan Rugu da Kamuku da Kuyambana, inda a da uba ke kai ɗansa kwanan farko, yanzu 'yan bindiga ne a ciki, kuma ba uban da zai yi gangancin haka. Abin da ya rage wa yawancin yaran ƙauye shi ne bakin gona bayan girbi. Su fita da kare biyu da ɗanko, su nemo ramin gafiya, su toshe ƙofar baya da dutse, su cusa karmami a ta gaba, wani ya zaro ashana daga aljihu. Babbansu yakan durƙusa tukuna ya duba ƙasar bakin ramin, ya ga ko sawun na shiga ne ko na fita.