Yadda Aka Auna Ƙanƙarar Himalaya Daga Sararin Samaniya

A watan Janairun 2010, kwamitin ƙwararru kan sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato IPCC, ya fito fili ya amsa kuskure. A cikin babban rahotonsa na 2007 akwai wata jimla da ta ce mai yiwuwa ne ƙwarai ƙanƙarar tsaunukan Himalaya ta ƙare ƙaf kafin shekarar 2035. Da masana suka bi sawun jimlar, sai aka tarar ba daga wani bincike ta fito ba. An ɗauko ta ne daga rahoton ƙungiyar kare muhalli ta WWF na 2005, wanda shi kuma ya dogara da hirar da mujallar New Scientist ta yi da wani masani ɗan Indiya a 1999. Masu musun ɗumamar duniya suka samu abin yayatawa. Sai dai abin da ya fi kuskuren muni shi ne, a lokacin babu mai riƙe da alƙaluman da zai gyara shi da su.

Ƙanƙarar da ake magana a kai ba dusar da ke sauka da hunturu ta narke da bazara ba ce. Dusa ce da ta yi ɗaruruwan shekaru tana taruwa, ta danne kanta har ta zama dutsen ƙanƙara, tana kuma gangarowa cikin kwari a hankali, shi ya sa ake kiran ta kogin ƙanƙara. Lissafinta irin na rumbu ne: abin da ya shiga a shekara da abin da ya fita. Tsohuwar hanyar awo ita ce a hau tsauni a kafa sanduna cikin ƙanƙarar, a dawo bayan shekara a ga yadda suka tsiraita. Haka ake yi a Storglaciären ta ƙasar Suwidin tun 1946. Amma a tsaunukan Asiya kogunan ƙanƙara dubun dubbai ne, mafi yawansu a inda iska ba ta isar numfashi, wasu kuma a kan iyakokin da sojojin Indiya da Pakistan ke zaman doya da manja. Waɗanda aka taɓa kafa wa sanda ba su taka kara sun karya ba, kuma galibi ƙanana ne masu sauƙin hawa.

Amsa ta farko daga sama ta zo ne da wata dabara mai ban mamaki. A watan Maris na 2002 Amurka da Jamus suka harba taurarin ɗan'adam biyu masu suna GRACE, ɗaya na bin ɗaya da tazarar kilomita kusan 220. Ba su ɗaukar hoto. Duk abu mai nauyi yana da ƙarfin janyowa, don haka idan na gaba ya tunkari wani yanki mai nauyi sai a fizge shi gaba kaɗan, tazarar ta ƙaru da abin da bai kai kaurin gashin kai ba. Wannan ɗan canjin ake aunawa. Idan ƙanƙara ta narke ruwanta ya tafi teku, yankin zai yi sauƙi, kuma hakan zai bayyana wata bayan wata.

To amma ma'aunin ba ya bambance ƙanƙara da ruwa, kuma ba ya ganin abin da faɗinsa ya gaza kilomita ɗari uku ko makamancin haka. A gindin Himalaya akwai gonakin Punjab da Haryana da Rajasthan, inda manoma ke zuƙo ruwan ƙasa da injuna. Wani bincike na 2009, da GRACE ɗin kansa, ya nuna yankin ya yi asarar ruwa mai yawan kilomita murabba'i mai zurfi 109 cikin shekara shida. Wanne ne na rijiya, wanne ne na tsauni? A 2010 masana biyu daga Japan, Matsuo da Heki, suka ce tsaunukan Asiya na asarar tan biliyan 47 a shekara. A 2012 wani rukuni a Amurka, ƙarƙashin Thomas Jacob, ya duba bayanan taurarin nan guda ya ce tan biliyan 4 ne, tare da yiwuwar kuskuren biliyan 20 sama ko ƙasa. Adadin da kuskurensa ya ninka shi sau biyar ba a kafa madatsar ruwa a kansa.

Hanyar da ta warware zaren ita ce auna tsayi maimakon nauyi. Tauraron ICESat, daga 2003 zuwa 2009, yana harba hasken leza ƙasa ya ƙirga lokacin dawowarsa, amma don Girinlan da Antatika aka ƙera shi, a kan Himalaya layukansa sun yi nisa da juna. Wadda ta fi amfani ita ce na'urar Japan mai suna ASTER, da ke kan tauraron Terra tun Disambar 1999. Tana ɗaukar wuri ɗaya sau biyu, daga sama tsaye da kuma ta baya, kamar yadda ido biyu ke gane zurfi. A 2017 Fanny Brun da abokan aikinta a Faransa suka sarrafa irin waɗannan hotuna fiye da 50,000, suka samu asarar kimanin tan biliyan 16 a shekara tsakanin 2000 da 2016. Ko a nan akwai zato guda: domin mayar da girma ya zama nauyi, ana ɗauka kowace mita murabba'i mai zurfi tana da kilo 850.

Sauran tambaya ita ce abin da ya faru kafin 2000, kuma amsar ta fito daga inda ba a zata ba. A zamanin Yaƙin Cacar Baki, tsakanin 1971 da 1986, Amurka ta yi ta harba taurarin leƙen asiri masu suna Hexagon. Fim suke amfani da shi. Idan ya cika sai a jefo shi cikin kwanso mai lema, jirgin sama ya cafke shi a saman tekun Fasifik. Tarayyar Sobiyet da Sin ake leƙe, Himalaya ta shiga hoton ne don tana kan hanya. A 2002 aka cire wa wani kaso na hotunan hatimin sirri. Joshua Maurer na Jami'ar Columbia ya gina taswirar tsayi daga cikinsu, ya kwatanta manyan kogunan ƙanƙara 650 a tsawon kilomita 2,000. Sakamakon da ya wallafa a 2019 ya nuna suna zubar da kaurin ruwa santimita 22 a shekara daga 1975 zuwa 2000, sannan santimita 43 daga 2000 zuwa 2016. Ba 2035 ba ne, amma gudun ya ninka.

Awon ya kuma nuna cewa tsaunukan ba bakinsu ɗaya ba. Tun 2005 Kenneth Hewitt ya lura ƙanƙarar Karakoram, wadda ke shayar da kogin Indus da noman rani na Pakistan, ba ta raguwa, wasu sassanta ma ƙaruwa suke yi, kuma taurari suka tabbatar da maganarsa. Sai a 2021 binciken Romain Hugonnet, wanda ya auna kusan dukkan kogunan ƙanƙara na duniya ya samu asarar tan biliyan 267 a shekara, ya tarar cewa a ƙarshen shekarun 2010 ita ma Karakoram ta fara ramewa.